Babi na Shida: Birnin Chandigarh da Kotun Gundumarsa

Birnin Chandigarh, wanda ke gindin tsaunukan Shivalik a arewacin Indiya, kimanin kilomita 250 daga Delhi, ya samo asali ne daga rabuwar ƙasa da aka yi a watan Agustan 1947, lokacin da Turawan Birtaniya suka miƙa mulki bayan sun raba tsohuwar daularsu gida biyu, wato Indiya da Pakistan. Layin iyakar da lauyan Ingila Cyril Radcliffe ya shata ya keta lardin Punjab ta tsakiya, kuma Lahore, wadda ita ce hedikwatar lardin tun zamanin Sarki Ranjit Singh, ta faɗa ɓangaren Pakistan tare da sakatariyarta da jami'arta da babbar kotunta. Miliyoyin mutane suka yi ƙaura cikin 'yan watanni, Musulmi suka nufi yamma, Hindu da mabiya addinin Sikh suka nufi gabas, an kuma zubar da jini mai yawa a hanya. Gwamnatin Punjab ta Gabas ta wayi gari ba ta da mazauni, sai ta haura garin Shimla da ke kan tsauni, inda Turawa suka saba tarewa da bazara don gudun zafi, ta fake a can na wucin gadi.

Shari'a ma gudun hijira ta yi tare da mutane. Tun a 1866 Turawa suka kafa wata babbar kotu a Lahore, wadda aka ɗaga darajarta a 1919, kuma a ranar samun 'yanci aka yanko mata reshe aka kira shi Babbar Kotun Punjab ta Gabas, aka zaunar da alƙalanta a Shimla cikin wani gida mai suna Peterhoff, wanda a da wakilan Sarauniyar Ingila suka taɓa zama a ciki. Garin yana da daɗin iska, amma ga manomin da ya ɗaukaka ƙara daga filayen Ludhiana ko Jalandhar, hawa wannan tsauni da hunturu wahala ce babba, kuma wannan na cikin dalilan da suka sa neman sabuwar hedikwata ya zama abin gaggawa.

A 1948 aka tsayar da shawara kan wani fili mai ɗan gangara tsakanin wasu koramu biyu da ke gudana da damina kawai, a cikin gundumar Ambala ta wancan lokaci. Sunan birnin ya fito ne daga wani ɗakin bauta na allahiyar Hindu mai suna Chandi da ke kusa da wurin, aka haɗa da kalmar garh, wadda ke nufin ganuwa ko sansani. Filin ba daji ba ne, domin akwai gomman ƙauyuka a kansa da gonakin alkama da itatuwan mangwaro, kuma manoman sun yi bore kafin a tashe su, abin da yawancin littattafan da ke yabon birnin sukan ambata a jimla ɗaya su wuce. Firaminista Jawaharlal Nehru ya rungumi aikin da hannu biyu, saboda yana son sabuwar ƙasar ta nuna wa duniya cewa za ta iya gina birni na zamani wanda bai gaji komai ba daga fadojin Mughal ko daga barikin Turawa.

Da farko Ba'amurke Albert Mayer aka ba aikin shata birnin, tare da wani matashin masanin zanen gini ɗan ƙasar Poland mai suna Matthew Nowicki, amma Nowicki ya rasu a haɗarin jirgin sama a Masar a watan Agustan 1950, aikin ya tsaya. Sai manyan jami'ai biyu, P. N. Thapar da injiniya P. L. Varma, suka tafi Turai neman madadi, suka dawo da mutum huɗu: Le Corbusier, haifaffen Suwizalan mazaunin Faransa, da ɗan uwansa Pierre Jeanneret, da wasu mata da miji 'yan Ingila, Maxwell Fry da Jane Drew. Waɗannan biyun na ƙarshe ba baƙi ba ne ga Afirka ta Yamma, domin su ne suka zana gine-ginen farko na Kwalejin Jami'ar Ibadan, kuma dabarar da suka gwada a can ta yin bango mai ramuka don iska ta ratsa, rana kuma ta kasa shiga, ita suka kai gidajen ma'aikata na Chandigarh. Le Corbusier ya iso a watan Fabrairun 1951, ya miƙar da lanƙwasassun titunan da Mayer ya zana, ya mayar da su layuka masu gicciye kamar allon dara. Gwamnati ta sauko daga Shimla a 1953, kuma a watan Oktoban shekarar Shugaba Rajendra Prasad ya buɗe birnin.

Le Corbusier ya kwatanta birninsa da jikin mutum. Harabar mulki da ke arewa maso gabas ita ce kai, cibiyar kasuwanci ita ce zuciya, filayen shaƙatawa su ne huhu, tituna kuma jijiyoyi ne da ya kasa gida bakwai, daga babbar hanyar da ke haɗa garuruwa har zuwa turbar masu tafiya a ƙasa. An yanka birnin zuwa unguwanni da ake kira sekta, kowace mai tsawon mita 1,200 da faɗin mita 800, kowace da kasuwarta da makarantarta, kuma lamba aka ba su a maimakon suna. Kashin farko, daga sekta ta 1 zuwa ta 30, an tanade shi ga mutum 150,000, kashi na biyu kuma ga 350,000, wato rabin miliyan ke nan gaba ɗaya. Gidajen gwamnati an jera su hawa goma sha uku bisa ga albashi, ta yadda lambar sektar da mutum yake zaune takan faɗi matsayinsa tun kafin ya buɗe baki, manya na kusa da kai, ƙanana suna can ƙasa wajen ƙafafu. Leburorin da suka kwaɓa kankaren da aka gina birnin da shi kuwa, zanen bai ware musu wurin zama na dindindin ba.

Cikin manyan gine-ginen harabar mulki, na Babbar Kotu aka fara kammalawa, alƙalai suka fara zama a cikinsa a watan Janairun 1955, Nehru kuma ya buɗe shi a watan Maris. Gini ne da ya cancanci a tsaya a kansa. Le Corbusier ya ɗora masa wani ƙaton rufi na biyu mai kama da laima, wanda ke tsaye sama da ainihin ginin, ya bar tazara a tsakani domin iska ta wuce ta kwashe zafi, kuma mutane sun fassara wannan laima da inuwar doka a kan talaka. Gaban ginin an yi masa manyan ramuka na kankare masu karya hasken rana, ƙofar shiga kuma tana da ginshiƙai uku dogaye waɗanda aka shafa wa fenti kore da rawaya da ja, sannan ga tafki a gaba da ke nuna hoton ginin a ruwa. A ciki akwai ɗakunan shari'a tara, takwas ƙanana da ɗaya babba na alƙalin alƙalai, kowanne an rataya masa ƙatuwar darduma mai launuka a bango bayan kujerar alƙali, domin ta shanye amsa-kuwwar murya a ɗakin da duk kankare ne. Masana zanen gini sun yi rubuce-rubuce da yawa a kan wannan kotu. Sai dai ɗaki tara ya yi kaɗan tun ba a je ko'ina ba, aka shiga yin ƙari a bayan ginin, kuma a yau adadin alƙalan da doka ta amince wa kotun ya kai 85.

Talaka bai cika fara shari'arsa a ƙarƙashin wannan laima ba, domin babbar kotu wurin ɗaukaka ƙara ce da ƙalubalantar hukuma. Inda ake gurfanar da wanda 'yan sanda suka kama, ake neman beli, ake raba gado, ake kashe aure, ake jayayya kan haya da bashi, ita ce kotun gunduma. Gunduma, a tsarin Indiya, ita ce ma'aunin mulki da ke ƙasa da jiha, kuma tun zamanin Turawa kowace gunduma tana da jami'in mulki mai karɓar haraji da alƙali mai shari'a. A shekarun farko Chandigarh, duk da kasancewarta hedikwatar jiha, yanki ce kawai na ƙaramar hukumar Kharar a gundumar Ambala. Kotunan ƙasa na birnin sun sami wuri ne a sekta ta 17, cikin cibiyar kasuwanci, kusa da tashar mota da ofisoshin gwamnati, a ginin da masu yawon buɗe ido ba sa neman ɗaukar hotonsa. Kusancin da tasha alheri ne ga mai ƙara, amma bambancin kulawar da aka yi wa kotunan biyu yana nuna abin da masu zanen suka fi damuwa da shi, wato siffar hukuma a idon duniya.

Matsayin birnin ya sauya a ranar 1 ga Nuwamban 1966, lokacin da aka sake raba Punjab bisa harshe, masu Punjabi suka riƙe sunan, masu Hindi suka sami sabuwar jiha mai suna Haryana. Kowane ɓangare ya ce Chandigarh tasa ce, kuma ko da yake hukumar shata iyaka ƙarƙashin Mai Shari'a J. C. Shah ta karkata ga ba Haryana, gwamnatin tarayya ta gudu daga rigimar ta hanyar mayar da birnin yanki na musamman mai faɗin murabba'in kilomita 114 wanda take mulka kai tsaye, ta kuma bar jihohin biyu su yi tarayya a kansa a matsayin hedikwata. An raba ginin majalisa da na sakatariya tsakaninsu, aka kuma sake wa kotun suna zuwa Babbar Kotun Punjab da Haryana. An ce shirin na ɗan lokaci ne. Firaminista Indira Gandhi ta yi alƙawarin miƙa birnin ga Punjab a 1970, ɗanta Rajiv ya sa hannu da jagoran Sikh Harchand Singh Longowal a 1985 kan cewa za a miƙa shi ranar 26 ga Janairun 1986, amma aka kashe Longowal wata guda bayan yarjejeniyar, ranar ta zo ta wuce, kuma har yau ba a miƙa ba. Daga sauyin 1966 ne Chandigarh ta zama gunduma mai zaman kanta, kuma tun da yankin ba shi da rukunin alƙalai nasa na kansa, Babbar Kotu ce ke turo su daga cikin alƙalan Punjab da na Haryana.

Shugaban kotun gunduma mutum ɗaya ne mai hula biyu. Idan yana sauraron ƙarar dukiya ko ta iyali ana kiransa alƙalin gunduma, idan kuma manyan laifuka yake saurare, irin su kisa da fashi da fyaɗe, ana kiransa alƙalin seshan, kuma yana da ikon yanke hukuncin kisa, sai dai ba a zartar da shi har sai babbar kotu ta tabbatar. A ƙarƙashinsa akwai ƙarin alƙalai masu iko irin nasa, sannan babban majistare da ba ya wuce ɗaurin shekara bakwai, sai majistare mai daraja ta ɗaya da ba ya wuce shekara uku, da kuma ƙananan alƙalan ƙararrakin dukiya. Tsarin mulkin Indiya na 1950 ya tanadi, a sashe na 233, cewa sai an shawarci babbar kotu kafin a naɗa alƙalin gunduma, kuma lauyan da za a ɗauko daga waje sai ya yi aƙalla shekara bakwai yana aiki, sannan sashe na 235 ya danƙa wa babbar kotu ikon canjin wurin aiki da ƙarin girma da horo a kan ƙananan alƙalai. Hikimar wannan tanadi ita ce a raba alƙali da jami'in mulki, domin a zamanin Turawa mutum ɗaya kan kama mai laifi ya kuma yi masa shari'a, kamar yadda aka san aikin Di'o a ƙasar Hausa.

Dokar laifukan da waɗannan kotuna suka yi aiki da ita shekaru da yawa tana da zumunci na kusa da wadda ake aiki da ita a Arewacin Nijeriya. Thomas Macaulay ne ya jagoranci rubuta kundin laifukan Indiya, wanda ya zama doka a 1860, Turawa suka kwafe shi suka kai Sudan a 1899, kuma lokacin da gwamnatin Jihar Arewa ta kafa kwamitin masana shari'a a 1958 ƙarƙashin alƙalin alƙalan Sudan, Muhammad Abu Rannat, kundin Sudan ɗin aka ɗauka aka yi wa gyara, ya zama dokar final kod da ta fara aiki a 1960. Masu kallon fina-finan Indiya sun saba jin ana ambaton sashe na 302 a shari'ar kisa, kuma sashe na 420, wanda ya shafi zamba, ya zama laƙabin mayaudari a bakin Indiyawa, kamar yadda 419, wadda ta fito daga kundin laifukan kudancin Nijeriya, ta zama a nan. Indiya ta ajiye kundin Macaulay a ranar 1 ga Yulin 2024 ta maye gurbinsa da sabo mai sunan Hindi, lambobin sassan suka canza, lauyoyin da suka tsufa a kan tsofaffin suka koma haddace sababbi.

Harshen farfajiyar kotu shi ma yana ɗauke da tarihi. Turanci ne harshen babbar kotu da na hukumar Chandigarh, abin da ya daɗe yana ɓata wa masu kishin Punjabi rai, amma kalmomin da mai ƙara ke furtawa gadon Farisanci da Urdu ne, kuma da yawansu Larabci ne asalinsu, shi ya sa kunnen Bahaushe ba ya baƙuntarsu. Kotu sunanta adalat, daga tushen da ya ba Hausa kalmar adalci, lauya kuma vakil, wato wakili, ranar da aka sa don zaman shari'a kuwa ita ce tarikh. Wannan kalma ta ƙarshe ta zama abin tsoro, domin wanda ya ce an ba shi tarikh yana nufin an sake ɗage shari'arsa, kuma ƙararrakin da ke jiran hukunci a kotunan gundumomin Indiya sun haura miliyan 40.

Yawancin rigingimun da ke da tambarin Chandigarh a kansu daga zanen birnin suka tsiro. A 1952 aka yi dokoki biyu don kare shi. Ta farko ta ba jami'in filaye ikon ƙayyade tsayin gini da fasalin fuskarsa da abin da za a yi a cikinsa, har ma ya ƙwace fuloti daga wanda ya mayar da gida shago. Ta biyu ta hana gini a kewayen birnin har nisan kilomita 8, aka ƙara zuwa 16 a 1962, domin ya zauna cikin zoben gonaki. Rabuwar 1966 ta jefa mafi yawan wannan zobe hannun jihohin biyu, su kuwa suka gina nasu garuruwan a ciki, Punjab ta yi Mohali, Haryana ta yi Panchkula, kuma kowanne ya zama gunduma da kotunsa, Panchkula a 1995, Mohali a 2006. Sakamakon haka gari ɗaya ne a ido, amma kotunan gunduma uku ne ƙarƙashin gwamnatoci uku, ta yadda tsallaka titi ɗaya kan sauya kotun da ke da hurumin sauraron ƙara. A cikin birnin kuma, tun da fili a ƙayyade yake, jama'a kuwa sun kai 1,055,450 a ƙidayar 2011, wato fiye da ninkin abin da aka tsara, gida ya zama zinari. Dokar taƙaita haya ta 1949, wadda majalisar tarayya ta shimfiɗa kan birnin a 1974, ta sa fitar da ɗan haya sai da umarnin kotu, kuma alƙalan gunduma ne ke zama a kan irin waɗannan ƙararraki, haɗe da na 'yan uwa da ke jayayya kan gidan da uba ya saya da araha a shekarun 1950, da na cakin banki da aka bayar babu kuɗi a asusu, da na diyyar haɗarin mota.

Waɗanda zanen ya manta da su ba su ɓace ba. Leburori da masu tura keke da 'yan aikatau sun kafa matsugunan bukkoki a gefunan sektoci, waɗanda su ma lamba aka ba su, hukuma kuma ta yi ta rushe su tana mayar da wasu mazaunan gidajen bene a bayan gari, irin na Dhanas, wanda bai iya kawo takardar shaidar zama ba kuma ya tashi a tutar babu. An rushe matsuguni mai lamba 5 a 2013, mai lamba 4 a 2022. Mutanen da ba a zana musu ɗaki ba su ne suka fi cika benci a gaban majistare, kuma su ne mafi ƙarancin iya biyan lauya.

Shari'ar da ta fi gwada ƙarfin kotun seshan ta birnin ita ce ta kisan Beant Singh, babban ministan Punjab, wanda ɗan ƙunar baƙin wake ya hallaka tare da wasu mutum goma sha shida a ƙofar sakatariyar da Le Corbusier ya zana, ranar 31 ga Agustan 1995, a ƙarshen shekarun tawayen masu neman ƙasar Khalistan. Saboda tsaro, a cikin gidan yarin Burail aka riƙa zaman shari'ar, kuma a watan Janairun 2004 uku daga cikin waɗanda ake tuhuma suka haƙa rami ta ƙarƙashin ƙasa suka tsere, kafin daga baya a sake kama su. Sai a watan Yulin 2007, kusan shekara goma sha biyu bayan kisan, aka yanke wa Jagtar Singh Hawara da Balwant Singh Rajoana hukuncin kisa, kuma da maganar ta je Babbar Kotu a 2010 ta tabbatar da na Rajoana, ta sassauta na Hawara zuwa ɗaurin rai da rai. Idan shari'ar kisan shugaban jiha ta ci wannan lokaci, mai jayayya kan shago ya san abin da ke jiransa.

Hanyar rage cunkoso da ta fi kama hankalin jama'a ita ce lok adalat, wato kotun jama'a, wadda dokar 1987 ta ba ƙarfi. Zama ne na sulhu, inda alƙali da wasu mutane ke taimaka wa ɓangarori su daidaita da yardarsu, abin da aka amince a kai ya zama hukunci marar ɗaukaka ƙara, a kuma mayar wa mai ƙara kuɗin da ya biya kotu. Tana da amfani ƙwarai a ƙananan basussuka da diyyar haɗari, ko da yake mai rauni kan karɓi ƙasa da haƙƙinsa saboda gajiya da zirga-zirga.

A 2013 kotun gunduma ta bar matsattsen gininta na sekta ta 17 ta koma sabuwar haraba a sekta ta 43, can kudancin birnin, daura da sabuwar tashar mota da makarantar horar da alƙalai. Ta iya yin wannan ƙaura ne saboda babu wanda ya ɗauki tsohon gininta abin tarihi. Babbar Kotu kuwa shahararta ce ta ɗaure ta, domin tun da hukumar UNESCO ta sanya harabar mulki cikin wuraren tarihi na duniya a 2016, tare da wasu ayyukan Le Corbusier a ƙasashe bakwai, duk wani ƙarin gini a wurin ya zama abin taƙaddama, alhali lauyoyi da motocinsu sun cika harabar maƙil. Kotun Ƙolin Indiya ita ma ta tsaya wa zanen, inda a watan Janairun 2023 ta hana a yanyanka gidajen sekta ta 1 zuwa ta 30 a sayar da su hawa-hawa ga mutane daban-daban. Hukuncin ya kare kyawun tsohon birnin, kuma kyawun na gaske ne, amma ya tabbatar da cewa sababbin zuwa za su ci gaba da neman ɗaki a kudanci da garuruwan gefe, ɓangaren da kotun gunduma ta riga ta koma.